Mai Shiru da Mai Surutu

A shekarun da aka matsa wa mutanen ƙauyenmu su noma alkama da rani, ina 'yar shekara tara ko goma, kuma babu abin da na fi tunawa da shi kamar gajiya. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, daf da babbar hanyar ruwa da muke cewa kanal. Manya suna cewa da can rani lokacin hutu ne, amma tun da ruwa ya iso ba wanda ya sake hutawa. Baba yakan dawo da taɓo har gwiwa, Inna ta yini tana yanka tumatir tana shanyawa. Ni kuma aikina shi ne 'yan'uwana maza biyu.

Yaya Sale ya girme ni da shekaru, amma ni nake tsaronsa. Ba ya magana sai ta kama dole, ita ma kalma ɗaya ko biyu. Ba ya kallon idon kowa, kuma in ka taɓa shi sai ya zabura kamar ka ɗora masa garwashi. Wurin zamansa bakin kanal, yana kallon ruwa yana ɗan rangaji. In baƙi suka shigo gida sai ya shige bayan rumbu har su tafi.

Habu, ƙanena, shi kuma ba wanda bai sani ba. Duk wanda ya gani sai ya je ya tsaya masa daf da fuska, ba sallama ba gaisuwa, ya fara ba shi labarin tarakta: wadda take da jan fenti, wadda take hayaƙi, wadda tayarta ta fashe a Garun Malam. Ko mutum ya juya baya, Habu zai zagaya ya sake tarar gabansa. Yana son mutane ƙwarai, bai dai san lokacin da suka gaji da shi ba.

Mutanen gari sun gama yanke hukunci: Sale iskoki ne suka taɓa shi, Habu kuma rashin kwaɓa ne. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ita kaɗai take cewa abu ɗaya ne yake damun su biyun. In an tayar da injin niƙa, tare suke toshe kunne. In aka sauya musu kwanon tuwo, duka biyun ba za su ci ba. Ba wanda ya ɗauki maganarta da muhimmanci.

Abin ya zo wa Baba wuya ranar wani suna a maƙwabta. Habu ya tsaya gaban liman ana shirin addu'a yana ta zancen tarakta, har aka ɗauke shi yana ihu. Ana cikin haka wani baƙo ya riƙo hannun Sale don su gaisa, Sale ya gartsa masa cizo. Baba ya zane Habu a gaban jama'a, da yamma kuma ya gaya wa Inna cewa zai kai Sale wurin wani mai magani can bayan Rano, inda ake ajiye masu irin wannan lalura har su warke. Kowa ya san ɗaure su ake yi. Inna ta ci gaba da tuƙa tuwo.

Bayan magariba mukan taru a gindin murhun Iya, kafin garwashin ya mutu. Sale ba ya shiga da'irar. Yakan zauna can gefe ya ba mu baya, amma bai taɓa fashi ba. A ranar Iya ta gyara zama, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, domin Baba yana bayan zana yana cin abinci.

“Ga wata nan, ta gaji da tafiya, tana neman wurin zama.”

Muka ce ta zo ta zauna.

Wai wata mata ce ta daɗe ba ta haihu ba, ta je bakin kogi tana kuka. Kogi ya ji tausayinta ya ba ta 'ya'ya uku, ya ce wata rana zai dawo ya ga yadda ta riƙe su. Na farko ba ya zuwa in an kira shi, in aka bi shi sai ya ƙara nisa. Na biyu ba ya rufe baki, har itatuwa yake tsayarwa ya ba su labari. Ta ukun mace ce, ba ta neman kowa, amma duk wanda ya ja hannunta sai ta bi shi. Mutanen gari suka ce na farko mahaukaci ne, na biyu marar kunya, ta ukun kuwa 'yar albarka. Uwar ta gaji da surutun mutane, sai ta ɗaure na farko da igiya, ta cusa wa na biyu auduga a baki, ta ukun kuma ta bar wa maƙwabta suna aikenta duk inda suka so.

Da kogi ya dawo ya ga haka, sai ya kwashe 'ya'yansa ya tsayar da su a bakin gaɓa. Ya ce wa matar ta kira su, wanda ya amsa nata ne. Ta yi ta ƙwala wa na farko kira har muryarta ta dushe, bai waiwayo ba. Da ƙarfinta ya ƙare sai ta zauna kusa da shi ta yi shiru. Can sai ta ji ya jingina da bayanta. Na biyu ta cire masa audugar, ta saurare shi tun hantsi har la'asar, da ya gama sai ya riƙe mata zane. Ta juya za ta kira ta ukun, ashe kogi ya riga ya ce mata zo, ita kuwa ba ta taɓa ƙin kiran kowa ba.

Iya ta tura itace cikin wuta ta ce tatsuniya ta kwanta, kowa ya tashi. Ba mu tashi ba. Na tambaye ta wace ce ta ukun, tunda biyun mun gane su. Ta ce ƙanwarta ce, Delu. Delu ba ta taɓa fara yi wa kowa magana ba, ba ta kuma taɓa cewa a'a ba. Kowa yana yabonta. Da zazzaɓi ya kama ta ba ta faɗa ba, aka yi ta aikenta rijiya har ta faɗi da tulu a ka, ba ta sake tashi ba.

“Masu ba ku wahala kuna ganinsu,” in ji Iya. “Ita ba ta ba kowa wahala ba, shi ya sa ba wanda ya duba ta.”

Na so a ce tatsuniyar ta sauya ran Baba. Ba ta sauya ba. Ya leƙo ya ce, “Iya, na ji. Amma ni ma na gaji.” Da safe ya ɗora Sale a bayan keke suka tafi.

Gidan ya yi wani iri. Habu ya riƙa zagaya bayan rumbu yana tambayar kowa ina Yaya, ba ya jiran amsa. Ni kuwa, gaskiya, kwanakin farko na ji sauƙi, don aikina ya ragu. Iya ta daina tatsuniya. In muka taru sai ta ce bakinta ciwo yake yi.

Bayan 'yan makonni, ranar wata kasuwa, ta ɗaura gyale ta ce in raka ta. Ba ta nemi izinin kowa ba. Muka hau motar tumatir, muka sauka, muka yi tafiyar ƙasa mai nisa, tana tsayawa tana dafa gwiwa. Mun tarar da Sale a wata rumfa, an ɗaure ƙafarsa a jikin turke, ya rame, wurin igiyar ya yi gyambo. Mai maganin ya ce aiki bai ƙare ba. Iya ba ta yi masa musu ba. Ta je ta zauna a ƙasa nesa kaɗan da Sale, ta ce ita ma nan za ta zauna har aikin ya ƙare, a nemo mata tata igiyar. Rana ta take, ta karkata, tsohuwa ba ta motsa ba, ba ta karɓi ko ruwa ba. Mutane suka fara taruwa suna kallo. Daga ƙarshe mai maganin ya aiko aka kwance Sale.

Da muka dawo Baba ya dubi ƙafar Sale, ya shiga ɗaki, bai fito ba sai da aka kira isha. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Sale dai bai warke daga komai ba, Habu ma haka. Sai da damina ta zagayo kafin Sale ya sake zuwa gefen murhu, kuma ya zauna nesa fiye da yadda ya saba.

Na yi aure, na haifi nawa, na yi jikoki, kafin na ji wata likita a rediyo tana bayanin abin da ta kira otizim. Ta ce masu shi ba iri ɗaya ba ne wajen hulɗa da mutane: akwai mai gudunsu, akwai mai binsu duk inda suka ja shi, akwai mai kutsa kai cikinsu ba tare da sanin hanya ba. Ban ji wani farin ciki ba, na dai ji takaicin yadda sunan ya makara. Abin da na fahimta yanzu, da na kai shekarun Iya, shi ne ba dabara ta fi mu ba. Ita ma a gajiye take kamar kowa. Ta dai yarda ta je wa kowannensu ta hanyar da zai iya karɓa, ko da hakan zai cinye mata yini guda.

Yanzu su biyun suna gidana, duk sun yi furfura. Habu yakan yini a tashar Kura yana tare direbobi da labari, wasu su saurara, wasu su kore shi. Da yamma sai ya dawo ya juye sauran a kan Sale, wanda ba ya ko ɗaga kai. Na daɗe ina zaton haƙuri kawai Sale yake yi da shi.

A watan jiya aka kwantar da Habu a asibiti saboda ciwon ciki. Gidan ya yi tsit, na ce a raina yau Yaya zai huta. Amma na kai masa tuwo ya ƙi taɓawa, washegari ma haka. Na zauna kusa da shi ban ce komai ba, don ba ni da ƙarfin lallashi. Can, bai dube ni ba, sai na ji ya ce, “Ina mai surutu?”

Na ce yana asibiti, ya ji sauƙi, gobe za a sallamo shi. Ya ɗan yi rangaji. Sannan ya jawo kwanon gabansa ya fara ci.