Fitsarina ya kusa hana Sani babur

Jama'a, yau an kama ni da shan ƙwaya, da tsufana!

Alhaji Bala, ƙanen marigayi mijina Malam, ya ce ba zai ba ɗana Sani babur na kabu-kabu ba sai an gwada fitsarinsa a asibiti, a ga ko yana shan ƙwaya. Sani ya tsorata don ya sha maganin tari. Da safe ya miƙo mini kwalba: "Inna, taimake ni da naki, ke ko goro kin bari." Na ba shi!

Da azahar sai ga Alhaji yana huci: "An ga ƙwaya! Babu babur!"

Na ja mayafi muka nufi asibiti. Na ce, "Likita, fitsarin nan nawa ne."

"Inna, wane magani kike sha?"

Na kwance bakin zane na nuna masa ƙwayar barcin da nake sha tun rasuwar Malam.

Ya ce, "Ita ce! Gwaji magani yake gani, bai san mai shi ba, bai san dalili ba. Sai Sani ya ba da nasa fitsarin a nan, ya kawo maganin tarin."

Alhaji ya fashe da dariya: "Babur na jiransa. Matar yaya, ashe ke ce 'yar ƙwayar gidan!"

Ni kuwa kuka ya ƙwace mini. Haba Malam, ka tafi da barcina, ka bar ni ana yawo da fitsarina cikin garin Gummi!