Mai Tabarau da Wayar Auta

Mai Tabarau ake ce masa a layin masu gyara, saboda gilashin idonsa da ƙafa ɗaya ta karye tun ba yau ba, ya ɗaure ta da wayar wuta, ya ƙi sauyawa. Da gyaran rediyo ya fara tun yana saurayi. Da rediyo ta daina shigowa sai ya koma kan salula, yana gunaguni wai an ƙanƙanta komai ne don a ƙure masa ido. Shagon nasa in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a tsaye: teburi, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanin madara cike da ƙananan notuna.

Doka ɗaya gare shi: ba ya leƙa cikin wayar kowa. In ya gama gyara sai ya kife ta a kan tsumma, mai ita ya zo ya buɗe ya gwada da hannunsa. Shi ya sa mutane ke tsallake sauran shaguna su zo wurinsa duk da sanyin jikinsa. Sai dai bawan Allahn nan da ya san hanjin kowace waya bai san komai ba game da abin da ake yi da ita. Hira da hotuna da bidiyo, duk shirmen yara yake kiran su. Da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta shiga babbar sakandare, ya harhaɗa mata waya daga tsofaffin kaya ya ce, “Kar ki yar.” Iyakar nasiharsa ke nan.

Wata safiya, za ta wuce makaranta, ta ajiye masa wayar a teburi. “Baba, faɗuwa ta yi,” ta ce, ba ta ko kalle shi ba ta fice.

Ya matso da fitila. Wayar da ta faɗi a kusurwa take fashewa, tsagar ta bi gefe. Wannan kuwa a tsakiya ta fashe, kuma ba bugu ɗaya ba ne. Yarinyar da ke goge wayar nan da gefen mayafinta ita ce ta ɗauki dutse ta kwankwatsa ta?

Ya sa sabon gilashi ya kunna. Nan take saƙonni suka fara shigowa, ƙara a kan ƙara, har wayar na tafiya a kan teburi. Kafin ya yi tunani, hannunsa ya riga ya kife ta.

Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya leƙo. “Kai fa da tsananin gaskiya! Buɗe mana. 'Yarka ce, ba kwastoma ba.”

“Je ka ji da cajojinka masu mutuwa kafin a kai gida,” in ji Mai Tabarau.

Amma maganar ta zauna masa. Babu makullin da zai hana shi shiga wayar nan in ya so, kuma ya so ƙwarai. Ranar nan ya sa batir a juye, ya zubar da notuna a ƙasa, tsoro yana cin sa. Abin da ya riƙe shi kawai shi ne, in ya shiga ta bayan ido, yarinyar ba za ta ƙara kawo masa komai ba, ko fasasshe ne.

Da aka tashi daga makaranta Auta ta biyo shagon. Ya tura mata kujera. “Zo ki gwada.”

“Ka bar ta kawai, Baba. Ba na so.”

“Auta, wayar nan ba faɗuwa ta yi ba. Ban buɗe ba, kuma ba faɗa zan yi ba. Wa ke damun ki a cikinta?”

Sai kuka. Da ƙyar maganar ta fito. Wata ce ta nemi ƙawance da ita a shafinta, wai sa'arta ce, suka saba har tana gaya mata sirrinta. Daga baya ta fara neman hotunan da ba su dace ba. Da Auta ta ƙi, sai ga muryar ƙaton namiji. Ya ce ya gane makarantarsu daga tambarin rigarta a hoto, zai zo ya jira ta a ƙofa, zai haɗa fuskarta da ƙazanta ya watsa.

“Kin tura masa wani abu?”

“Wallahi ban tura ba, Baba.”

Ya sauke wata ajiyar zuciya da har mai caja sai da ya ji. Dama iyakar abin ke nan? Ai da sauƙi. “Alhamdulillahi. To, nuna mini yadda ake rufe wa irinsa baki. Ni ƙarfen na sani.”

Ita ta koya masa, tana share hawaye tana gyara masa yatsa. Suka adana saƙonnin don shaida, suka kai ƙarar shafin, suka toshe shi. Hotunan rigar makaranta duk ta sauke, ta kulle shafinta sai waɗanda ta sani ido da ido. Suka yi alkawari ko wane baƙo ya sake ƙwanƙwasawa, tare za su duba.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya raka ta makaranta don su nuna wa shugabar, yana tafe yana ƙare wa kowane mai tsayuwa kallo. A ƙofa babu kowa sai mai gadi da ɗalibai masu gudun latti.

Auta ta ɗan ja baya, murya ƙasa-ƙasa. “Baba, da a ce na tura fa?”

Bai ko rage tafiya ba.

“Da ni ne dai babanki,” ya ce. “Kuma da hanyar nan za mu biyo, ni da ke. Taho mu je.”