Ranar da na tona asirin kunnen ƙanena

Sarbeyan, mai tsaron ɗalibai, ya cafke ni a wuyan riga tun ban saki tagar ajin ba. Shina ja, ina turjewa, yaran kolej duk sun miƙe suna kallo. Ban ga laifinshi ba. Ƙato da ƙurar gyaɗa har gashin ido ya leƙo aji ya daka ma mushe, malamin ajin, tsawa, dole a kama shi.

Shekarar da nasara sunka sauke tutarsu ke nan, ina lodin gyaɗa daga Cadakori, ƙauyenmu, zuwa Maraɗi. Lakol, makarantar boko, na daɗe da barinta. Zaman benci ya gagare ni, ƙafata ba ta tsayawa, kuma ba wanda ya taɓa tambayata dalili. Ƙanena ne mai kai. Amma sanƙarau ya kama shi shina ƙarami, ya tashi kunnen hagu ya mutu, na dama saura kaɗan. Da ido yake jin magana, bakin mutum yake kallo. Mushenmu na ƙauye ya gane haka da kanshi, ya aje shi gaba, in zai yi magana sai ya juyo. Ko sau ɗaya bai tada zancen ba.

Da ya ci jarabawar shiga kolej, Baba ya tara mu. Ya ce, "Kar wanda ya ce kurma ne. In sun ji za su maido shi."

Ranar na kawo mishi ƙuli daga Inna, sai maigidan da yake zaune wurinshi ya ce mini ana shirin korar shi, wai ba ya jin magana, ga rashin kunya. Shi ya sa na zagaya ta taga. Na hango ƙanena can baya, an jera su da tsawo. Mushe na rubutu a allo shina bayani, ya ba su ƙeya. Da ya juyo ya jefa tambaya, ƙanena ya ƙura ma bakinshi ido. Mushe ya ce da Hausa, don ta yi zafi, "Sauke idonka! Gidanku haka ake kallon manya?" Yaron ya sunkuyar da kai kamar yadda aka hore mu duka. Daga nan bai sake jin komai ba. Sai bakina ya kubce.

A buro, wato ofis, direkta, baƙin mutum ne da bai daɗe da karɓar kujerar ba, ya sa anka kira mushe da ƙanena.

"Kai kuma wane ne?"

"Yayanshi ne, ranka ya daɗe."

"Mahaukaci ne kai?"

"A'a. Ɗan lodi."

Bai yi dariya ba. Ya ce in faɗi abin da ya kawo ni, in ba haka ba jandarma. Ƙanena na kallon bakina shina girgiza kai a hankali. Na tuna Baba. Na tuna kuma in na yi shiru, gobe a kan buhunan gyaɗa zan koma da shi.

Na zagaya bayanshi ta hagu, na ce da ƙarfi, "Auta, Inna ta ce ka taho gida." Ko motsi bai yi ba. Na dawo gabanshi, na motsa leɓe ba murya, na tambaye shi ko ya ci abinci. Ya ce, "Na ci tuwo, Yaya," hawaye na zubo mishi.

Mushe ya dubi ƙanena. Can ya ce, "To ni yaya zan yi rubutu ina kallon baya?"

Na ce, "Ka gama rubutun, ka juyo. Haka namu na ƙauye yake yi."

Direkta ya ce za a maida shi bencin gaba, a gaya ma sauran malamai su bar shi ya kalle su. In sakamakonshi bai tashi ba kafin hutu, ba abin da zai iya. Ni kuma kar ya sake ganin ƙafata a makarantar.

A bakin ƙofa ƙanena ya ƙi karɓar ƙulin. Ya ce, "Yanzu kowa zai ce mini kurma."  Na aje mishi ƙullin kan dakali.

Ban iya haɗa ido da Baba ba a wannan makon. Na sami wani mai jakai da zai ci kasuwar Cadakori, na sa shi ya maimaita saƙon har ya zauna mishi:

"Ka gaida Baba. Ka ce na faɗa musu, da bakina, ba wanda ya matsa mini. Ba su kore shi ba, shina bencin gaba. Hushi yake da ni, kar a ƙara mishi da faɗa. In Baba zai buge ni, ina nan tahe bayan an gama lodi."