Hanyar Lesotho Ta Bi Ta Accra

Shekara tara na yi ban taka gida ba, ina Gaithersburg ta Amurka ina wa tsofaffin wasu wanka, ina ba su abinci a baki, tawa tsohuwar tana can unguwar Nima a Accra, idonta yana mutuwa a hankali. Duk wayar da muka yi sai ta ce, "'Yar nan, ki zo in gan ki tun ina iya gani." Ni kuwa amsata ɗaya ce: "Sai baɗi, Mma, in Allah Ya yarda."

Ba takarda ce ta hana ni ba, takarduna sun daɗe da fitowa. Wanda bai san mu ba ba zai gane ba. Mutum ba ya barin Amurka ya shiga gida hannu rabbana. Akwai gwaggo, akwai matan ƙanne, akwai maƙwabta har waɗanda ba ku ga maciji, kowa da tsarabarsa, kuma zaman sati ɗaya cin fuska ne. Ni dai na fi son in je da akwatuna shida a ce ta yi arziki.

Sai ga 'yata da na haifa a Amurka ta gama jami'a ta fara aiki a Germantown, ta shigo da tikiti biyu tana tsalle. Wai za ta kai ni yawon buɗe ido wata 'yar ƙasar sarauta mai suna Lesotho, can cikin duwatsu a tsakiyar Afirka ta Kudu, inda ƙanƙara ke sauka. Na ce, "Ke, ƙanƙarar da muke kwashewa da shebur a ƙofar gida ba ta ishe ki ba?" Ta yi dariya ta amsa da Turanci, don Hausarta a kunne ta tsaya. Sai da na duba tikitin na ga matsalar. Jirgin zai tsaya sa'a guda a Accra.

Ta ce mu sauka mana, ko kwana biyu ne, ta ga kakarta. Na dube ta da wandonta da gashi a buɗe, yarinyar da ko gaisuwar durƙuso ba ta iya ba. Na ce a'a, kuma kada in ji, kada in gani, kada kowa a gida ya san mun bi ta nan.

Da safe jirgin ya sauka Accra. Masu fita suka fita, masu shara suka shigo, iskar garinmu ta biyo su ta ƙofa. Daga kujerar da nake zuwa ɗakin Mma bai kai tafiyar rabin sa'a a motar hayar tirotiro ba. Na ja mayafi na rufe fuska kamar mai barci, 'yata tana ta ɗaukar hoto ta taga.

Lesotho kam ƙasa ce mai kyau, ba zan yi mata ƙarya ba, amma ni ban ga komai ba sai sanyi. Duwatsu tsirara babu itace, maza a lulluɓe da barguna masu kauri, da wata malfa mai tsini kamar murfin tukunya. Aka ɗora mu a kan ƙananan dawaki muka hau tudu kallon wani ruwa mai zubowa daga sama. 'Yata tana ihun murna, ni ina riƙe da sirdi ina salati.

A kwana na uku ɗan jagora ya kai mu wani ƙauye, cikin wata bukka ta dutse, mu ga yadda wata tsohuwa ke gasa burodi a tukunyar ƙarfe. Mu goma sha biyu muka tsaya a kanta da kyamarori. Ya ce 'ya'yanta duk suna aikin ma'adinai a Afirka ta Kudu, rabonta da su an daɗe. Da ta ji daga Ghana nake, sai ta kama hannuna ta yi tambaya, ya fassara: ko na biya na gaida uwata? Na ce e, na biya. Ta sa mini albarka da yarensu, ta ƙara mini yankin burodi. Wallahi kasa haɗiye shi na yi.

A ranar ce na ga abin da 'yata ta aikata. Ashe tun muna zaune a jirgi ta sa hoton rufin gidajen Accra a shafinta, ta rubuta cewa ga ƙasar mamanta. Na yi mata tatas a gaban Turawa, na ce ta goge, ta goge tana kuka. Nan take na kira Mma. Muka gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi jikarta, ta ce in riƙa rufe ƙirjina saboda sanyi. Ba ta tayar da maganar hoton ba. Na yi ajiyar zuciya na ce asirina ya rufu. Da za mu dawo ta Dakar jirgin ya bi, har hamdala na yi, Allah Ya yafe mini.

Wata huɗu bayan nan Mma ta rasu. Kafin in iso an yi kwana biyu da binne ta. Ina zaune a wajen zaman makoki, matar ƙanena ta matso kusa da ni ta ce, "Yaya, akwai maganar da ta hana mu faɗa."

Ashe sun ga hoton tun da safen nan, suka ɗauka zuwan ba-zata za mu yi. Mma ta sa aka share ɗaki, aka yanka kaza, ta ɗaura zanen da take ajiye wa Salla. Aka fito mata da kujera bakin ƙofa, duk motar da ta tsaya sai ta ce a duba mata ko mu ne. Haka ta zauna daga hantsi har aka kira magariba.

Na ce, "To me ya sa da na kira ba ta ce mini komai ba?"

Ta ce, "Cewa ta yi kada wanda ya gaya miki, don kada ki ji kunya ki fasa zuwa baɗi."