Babbar Riga a Gaban Inji

Duk wanda ya yi shekara talatin yana gyaran injunan haƙar kuza a Jos, idan ka ce ya buɗe hannuwansa za ka ga giɓi. Wani babu ƙaramin yatsa, wani rabin manuni ya tafi. Malam Datti kuwa ya yi shekara talatin da ɗaya da yatsunsa goma cif, kuma ba ya jin nauyin nuna su. Ko gaisawa zai yi da mutum sai ya ware su sosai, don kowa ya gani ya shaida.

A Jos aka haife shi. Mahaifinsa ya zo daga wajen Bauchi da kwanon ɗaukar ƙasa a kai, ya ƙare rayuwarsa a ramin kuza bai taɓa taɓa inji ba. Shi Datti yana matashi ya shiga wani kamfanin gyaran injuna da ke kan hanyar Rayfield, aka haɗa shi da wani tsohon bakanike mai suna Jika. A shekararsa ta biyu, a gaban idonsa, injin feƙe ƙarfe ya kama hannun rigar Jika ya naɗe, ya tafi da hannun har gwiwa kafin a kai ga kashe wuta. Tun daga ranar Datti ya kafa wa kansa doka guda: ba a tsayawa gaban inji mai juyawa da wani abu yana reto a jiki. Ba hannun riga, ba carbi, ba igiyar laya. Sabon ma'aikaci in ya zo da agogo, sai Datti ya sa shi ya cire kafin ma ya tambayi sunansa.

Gidansa yana Laranto, kullum da safe kan keke yake zuwa, da kakinsa mai gajeren hannu wanda matarsa Balaraba ta gaji da yi wa faci. Bai da satifiket ko na firamare. Abin da yake da shi kunne ne. Famfon jan ruwa daga rami zai yi ƙara, injiniya Bature ya buɗe littafi yana lissafi, Datti ya kara kunne ya ce wuri kaza ne ya ci. A kwance, a tarar wurin ne. Daga nan Baturen zai rubuta rahoto ya sa hannu, Datti kuma ya koma ya wanke hannu da kananzir.

A ɗakin injin nan babu irin mutumin da babu. Akwai Onyebuchi mai walda, wanda ya gudu gida lokacin yaƙin basasa ya bar akwatin kayan aikinsa, Datti ya ajiye masa shi ƙarƙashin gado har shekara huɗu, ya dawo ya tarar ko sukurdireba ɗaya bai ɓata ba. Akwai mutanen tsauni 'yan asalin ƙasar Jos, akwai Yarbawa biyu, akwai wani Babarbare da ba ya magana sai da dalili. Da rana suna zama kan benci ɗaya, kowa ya buɗe kwanonsa, ana tsokanar juna da Hausar Jos da kowa ya lanƙwasa ta yadda harshensa ya iya. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa abin da suke yi yana da suna, balle a kafa masa kwamiti.

A shekarar 1978 Turawa suka fara naɗe tabarmarsu, aka ce muƙamai su koma hannun 'yan ƙasa. Aka kawo sabon manaja, Alhaji Haladu, mutum mai takardu har na Ingila, aka ba shi gidan Baturen da ya gada a Rayfield da motar Baturen da kukun Baturen. Kalma ɗaya ce ba ta barin bakinsa, wato haɗin kai. Ya ce kamfanin nan na kowa ne, ba ƙabila ba addini, ba mace ba namiji. Don ya tabbatar da haka, abu na farko da ya yi shi ne raba takarda kowa ya rubuta ƙabilarsa da addininsa. Mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci kan benci ɗaya, ranar suka fara leƙen takardar juna.

Abu na biyu, ya ɗauki mace aiki. Kaneng sunanta, 'yar ƙasar nan ce, uwarta ma ta ɗauki kwanon kuza a kai. Ta yi karatun aikin injuna a Kaduna ta fito da difloma, ta fi maza da yawa a ajinsu. Alhaji Haladu ya zagaya da ita ofis-ofis yana nuna ta kamar sabuwar mota, sannan ya ajiye ta kusa da ƙofarsa ya ba ta tafireta da butar shayi. Ya ce ɗakin inji da hatsari, ba zai so a ce mace ta ji rauni a zamaninsa ba.

Kaneng ba ta yi gardama ba. Lokacin hutun rana kawai take saka wani tsohon kaki da ta aro, ta ɗaure gashinta tam, ta sulale ɗakin inji. Ranar farko Datti ya dube ta sama da ƙasa, ya nuna 'yan kunnenta, ta cire, shi ke nan. Cikin wata uku ta iya feƙe ƙarfe daidai da awo, ita kuma tana karanta masa zanen Turawa tana fassara masa lambobin da ya daɗe yana cankar su da ido. Tana ce masa Baba, shi yana ce mata Injiniya, kuma duk kamfanin shi kaɗai yake kiranta haka.

To, ga abin da ke ran Datti. Baturen da ke shugabantar ɗakin inji ya tafi, kujerar hedima, wato shugaban ma'aikatan ɗakin, ta zama babu kowa. Datti yana son kujerar nan, so na gaske, ba ya ɓoyewa. Ba don kakin mai dogon wando ba, sai don ya gaji da ganin aikinsa da sa hannun wani a ƙasa. Alhaji Haladu ya kira shi ofis ya ce an gama magana, takardar naɗinsa tana cikin aljihun tebur. Za a karanta ta a bainar jama'a ranar da manyan kamfani za su zo daga Legas, ranar da ya sa wa suna Ranar Haɗin Kai. Datti ya koma gida ya gaya wa Balaraba, ita kuma kafin magariba rabin Laranto ya ji.

Ana saura kwana biyu aka bayyana tsarin ranar. Za a ɗauki hoto na kalandar kamfani. Kowa zai zo da kayan gargajiyarsa. Datti zai sa babbar riga mai aiki da hula, Onyebuchi zai ɗaura zane da jar hula, Kaneng za ta yi ado da zane da dogayen duwatsun wuya har cibiya. Su uku za su tsaya gaban babban injin feƙe ƙarfe, Kaneng ta sunkuya kamar tana aiki, injin kuma yana juyawa, don baƙi su ga ba wasan kwaikwayo ake yi ba. Mutumin da ya hana ta shiga ɗakin inji da kaki saboda hatsari, shi ne yau zai tura ta can da duwatsu suna lilo.

Datti ya je ofis ya cire hula, ya yi bayani a hankali. Ya ba da labarin Jika. Ya ce ko dai a kashe injin, ko kowa ya sa kaki. Alhaji Haladu ya saurare shi yana juya biro, sannan ya yi murmushin da masu takarda suke yi wa marasa ita.

"Malam Datti, minti biyu ne kawai. Mutumin da ba zai iya bin umarni na minti biyu ba, ta yaya zai ba wasu umarni?"

Ya faɗi haka yana ɗan bubbuga aljihun teburin da takardar take ciki. Datti ya gane sarai, ya mayar da hularsa ya fita. A waje Onyebuchi ya ja shi gefe.

"Baba Datti, ka bar shi kawai. Oga ya ce a kunna, ka kunna, mu za mu tsaya nesa-nesa. Shekara talatin kana jiran wannan kujera."

Datti ya ce shi da Onyebuchi sun san nesa, amma yarinyar sunkuyawa aka ce ta yi.

Ranar ta zo. Aka share ɗakin inji har ya daina kama da wurin aiki, aka jera kujeru, aka kawo lemo. Balaraba ta fito masa da rigar sallarsa shuɗiya wadda ta sha bugu, ya hau keke da ita yana tattare ta kamar mai tsallake rafi. Ya riga kowa isowa. Ya wuce kai tsaye wurin akwatin wuta da ke bango, ya zare fis ɗin da ke kai wa babban injin wuta, ya jefa a aljihu. Ya san abin da yake zarewa ba fis kaɗai ba ne.

Baƙi suka iso cikin kwat da wando, babu ko ɗaya a cikinsu da ya sa kayan gargajiyarsa. Alhaji Haladu ya yi jawabi na kusan awa guda. Ya ce ga Bahaushe, ga Inyamuri, ga 'yar tsauni, ya nuna su ɗaya bayan ɗaya da biro bai ambaci sunan kowa ba. Aka tafa. Mai hoto ya kafa kyamararsa, aka jera su ukun, Kaneng ta sunkuya, duwatsunta suka sauka suka kwanta a kan ƙarfen da zai juya. Ta ga inda suka kwanta, ta ɗago ido ta dubi Datti, fuskarta ta nuna ta san abin da zai biyo baya amma ba ta da bakin cewa a'a.

Manaja ya ba da umarni a kunna. Datti ya danna maɓalli, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Baƙi suka fara duban agogo. Alhaji Haladu ya matso ya tambaya ƙasa-ƙasa me ya samu injin. Datti yana iya cewa wuta ce aka ɗauke, ko wani abu ya ƙone, kuma da an yarda, don ba wanda ya fi shi sanin injin. Sai ya sa hannu a aljihun babbar rigar ya fito da fis ɗin, ya ɗora a tafin hannunsa kowa yana gani.

"Ranka ya daɗe, lafiyarsa ƙalau. In ta cire duwatsun, ni ma na cire rigar, yanzu zai tashi."

Ɗaya daga cikin mutanen Legas ya yi dariya, yana zaton cikin shirin ne. A daidai nan ne mai hoto, wanda ba wanda ya taɓa neman shawararsa, ya ɗago kai ya ce ai shi da ma ya fi son injin a tsaye, domin abu mai juyawa ba ya fita a hoto, dishi-dishi yake yi. Ya ce kowa ya yi murmushi, ya ɗauka sau biyu, ya naɗe kayansa.

Aka sha lemo aka watse, ba a karanta wata takarda ba. Bayan sati uku aka turo hedima daga Legas, saurayi mai satifiket biyu wanda yake shiga ɗakin inji da taye a wuya. Datti ne ya sa shi ya cire. A fayil ɗin Datti kuwa aka rubuta cewa ba shi da ruhin haɗin kai. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya yi kwanaki ba ya iya haɗa ido da maƙwabtan da suka riga suka taya shi murna. Shekara na zagayowa ya ajiye aiki, ya kama rumfa a kasuwar Katako yana gyara wa masu katako injunan zarto.

Kalandar ta fito da kyau, ba ƙarya. Kaneng ce ta kawo masa guda har rumfarsa wata Asabar, a kan hanyarta ta zuwa tasha, don ta gaji da butar shayi ta samu aiki a wata masaƙa a Kaduna, aikin inji na gaske. Ta buɗe masa ita a kan benci. Ga su nan su uku suna murmushi gaban injin da ba ya motsi, a sama an rubuta cewa kamfani na kowa ne. A ƙarƙashin hotonsa, bayan shekara talatin da biyu, kalma ɗaya aka buga: Bahaushe.

Kaneng ta ce, "Baba, saboda ni ka rasa kujerar nan."

Datti ya ce ta miƙo hannuwanta. Ta miƙa. Ya ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya a fili, kamar yadda yake ƙirga kayan aiki kafin a tashi, har ya kai goma. Sannan ya ce ta yi sauri kada mota ta cika, kuma in ta isa Kaduna ta riƙa ɗaure gashinta.

Da ta tafi ya juya kalandar ta baya, inda takardar take fara tas, ya ciro fensir daga bayan kunne ya fara zana awon wani zarto da aka kawo masa tun safe.