Tiyon Da Na Ɗura Wa Akuya Magani

Edita, tun kafin masu karatu su gano da kansu, ni ne wawan labarin nan. A shekarun casa'in ina manomin citta a wajen Kwoi, iliminmu firamare uku, amma ji da kai kamar na injiniya. Da citta ta yi kuɗi, ƙanin matata ya sayo mini mota 'yar Kwatano, irin mai injekta, ba kafireta da muka saba ba. Wata biyu tana tafiya lafiya. Rana ɗaya sai ta fara iskanci: kana taka totur tana gudu, kana ɗaga ƙafa sai silo, wato bugun inji in ba a taka ba, ya hau, ya sauka, ta yi kakari ta mutu. A kowane shingen soja sai mun tura, ni da rigar zuwa coci.

Na canja fulogi. Na zagi mai sayar da fetur. Makanikai uku a Kafanchan suka kwance abin da suka iya, suka mayar da wanda suka tuna. Haushi ya sa na kai ƙarar surukin nawa da ya sayo ta gaban dattawan ikilisiya, na ce gawa ya sayo mini ya cinye canji. Ya daina shiga gidana, matata ta daina dariya, tuwo ma ya fara zuwa da sanyi.

A Sabon Tasha wani makaniki Bafulatani bai taɓa sifana ba. Ya kasa kunne, ya ji wani tsaki a inji, ya ɗora babban yatsa kan wani ɗan rami. Nan take mota ta natsu. Ya ce iska take zuƙa ta ɓarauniyar hanya, ina ɗan tiyon da ke nan? Sai na tuna ranar da akuyata ta kumbura, na buɗe bonet na zare wani tiyo da na ga ba ya ɗauke da mai ko ruwa, na ɗura mata kanwa.

Jama'a, abin da ba ku san aikinsa ba ku bar shi, kuma ku binciki hannunku kafin ku ɓata sunan ɗan'uwa. Da na je ba surukina haƙuri, na so in raba laifin da Turawan da suka rataya ran mota a tiyo kamar yatsa. Matata ta katse ni: "Baba, akuya ta warke, mota ta warke. Kai ne ba a samu tiyon ɗura maka hankali ba."