Kwamfutar da Baba Ya Auna da Hannu

Ranar Asabar ɗin farko bayan Babbar Sallah, ina aji shida na sakandare, Baba ya sa ni gaba zuwa shagon masu sayar da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu. Jarrabawar shiga jami'a ta matso, an ce da kwamfuta ake yin ta, ni kuwa ban taɓa ɗora yatsa a kan ko ɗaya ba. Tun daga gida na san wadda nake so: 'yar ƙarama, mai araha, wadda za ta shige jakar makarantata. Mai shagon ya miƙo irinta. Baba ya ɗora ta a tafin hannu, ya jinjina, ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai faifai ne." Rodin gini yake sayarwa a kasuwar Ƙofar Ruwa, a wurinsa duk abin da ba shi da nauyi algus ne. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana aunawa, ko kunnawa bai sa an yi ba, har ya kai ga wata baƙa mai kauri kamar dutsen niƙa. Na yi magiya, mai shagon ma ya sa baki, Baba ya ce, "Yaran zamani, me kuka sani game da ƙarko?"

Sai da muka koma gida Zaitawa muka gane batirinta ya mutu murus. Da an ɗauke wuta take ɗaukewa, wutar unguwarmu kuwa sai ta ga dama. Takaici ya ishe ni, na zauna bayan randa na sha kukana, Umma tana cewa in yi haƙuri, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Baba bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Sai dai kullum bayan la'asar, da na gama shara da wanke-wanke, zai rufe shago da wuri, ya saɓa kwamfutar a kafaɗa, mu bi lunguna har Goron Dutse, shagon wani tela amininsa mai janareto. Ina koyon dannawa cikin ƙarar keken ɗinki, Baba yana kan benci yana yi wa duk wanda ya shigo bayanin ingancinta, ni ina cika ina batsewa.

Yanzu 'yar siririya nake aiki da ita, ba mai raka ni ko'ina. Baba ya tsufa, buta ma sai an ɗaga masa. Na ci jarrabawar nan, amma har gobe in maganar ta taso cewa yake zaɓinsa ne ya ci. Na daina musu da shi, don na san kafaɗar da ta ɗauki nauyin.